"Hajiya, kin murje!"

Da na fita takaba, duk wadda ta gamu da ni a Unguwar Rogo sai ta riƙe haɓa: "Ma sha Allah Hajiya, kin murje!" Ni kuwa na san abin da ya murje ni. Wata huɗu da kwana goma ina ɗaki, kuma ko da suka cika, zuciyata ba ta fito ba. Barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe biyun dare, ga sanyin Jos, sai in haɗa shayi mai kauri, suga cokali uku, da rabin burodi. Ba yunwa ba ce, so nake kawai kaina ya yi shiru.

Cikin shekara guda na tashi daga kilo 68 zuwa 83. Zuwa kasuwar Taminus saro atamfa ma na bar wa ƙanwata.

Ƙishirwa ce ta kai ni asibiti, da fitsarin dare har sau biyar. Aka gwada jinina kafin in karya, ya nuna 162. Likita ta ce daga 126 zuwa sama, in an maimaita aka sake samu, ciwon suga ne. Aka maimaita, aka samu.

Tambayarta ce ta ba ni mamaki: "Mama, yaushe rabonki da jin daɗin wani abu?" Sai hawaye.

Ta ce ciwon damuwa ke damuna, kuma shi ba ya tsayawa a zuciya. Jiki na yawan sakin wani sinadari, kotisol, mai ɗaga suga a jini yana tara kitse a ciki, kitsen kuma ya hana insulin, mai daidaita suga a jini, aiki sosai. Ga rashin barci mai buɗe cin zaƙi, ga zama wuri ɗaya. In sugan ya kama, shi ma ya ƙara damuwar. Har cikin magungunan damuwa akwai masu sa ƙiba, irin su amitriptyline, shi ya sa ta zaɓa mini wani, ta haɗa da maganin suga, metformin.

Yayata ta ce ƙarancin tawakkali ne. Na ji zafi, don ban taɓa barin sallah ba, kuma mai hawan jini ba wanda ke ce masa haka.

Yanzu rana na ɗagawa nake takawa bakin titin Bauchi in dawo, minti 30. Jiya maƙwabciyata ta tare ni: "Lafiya kuwa? Kin rame." Na ce mata kilo huɗu ne, da saura.