Zuwa aiki a kan keke a Njamena: ƙura, ƙaya da kilando

Njamena gari ne shimfiɗaɗɗe. Daga unguwar Farsha har ta Shagwa babu tudun da zai sa mutum ya sauko ya tura keke, in ban da ɗan hawan bakin gada. Da keke nake zuwa aiki daga unguwar Waliya, in ƙetare kogin Shari in shiga cikin gari wajen babbar kasuwa, kuma nisa bai taɓa zame mini matsala ba. Mai tuƙi a natse yana cin kilomita 14 ko 15 a awa ɗaya, ke nan tafiyar kilomita 8 ba ta kai minti 40 ba. Abubuwan da suke tsayar da mutum a hanya ƙanana ne, kuma kusan duk a gida ake maganinsu tun kafin a fito.

Ni dai ra'ayina, keken zuwa aiki a garin nan shi ne baƙin keken nan na gargajiya mai giya ɗaya, irin Phoenix na ƙasar Sin ko Hero na Indiya. Yana da nauyi, amma garin da babu tudu nauyi ba ya damun kowa. Kariyarsa tana ɗaukar buhu, sarƙarsa mai kauri ce, kuma duk mai gyaran da ka tsaya wajensa ya san cikinsa. Keken gwanjo mai giya 18 ko 21 yana da daɗin hawa ranar da aka saye shi, sai dai abin canja giyar da ke rataye a ƙafar baya yana kusa da ƙasa, yana kwasar yashi, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi ya faɗa cikin sifoki. Wanda ya riga ya mallaki irinsa ba sai ya sayar ba. Ya zaɓi giya ɗaya ta tsakiya ya zauna a kanta.

Sirdi kuma a ɗaga shi. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi. Yawancin ciwon gwiwar da masu keke suke kuka da shi daga sirdin da ya yi ƙasa yake zuwa.

Wajen sayen taya ne mutane suka fi asarar kuɗi, domin taya biyu za a rubuta musu inci 28 amma ba su shiga rim ɗaya. Ta baƙin keke, mai rubutun 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635 ne. Ta kekunan Turai da ake kawowa gwanjo, wadda a kan rubuta wa 700C, milimita 622 ce. Bambancin milimita 13 kawai, amma ɗaya ba za ta hau rim ba ko da ƙarfe aka sa, ɗayar kuma za ta hau a sake, ta fice da zarar an bugo iska. Haka abin yake a inci 26: akwai mai 559 ta keke mai faɗin taya, akwai mai 590. Kafin in je kasuwar Dembe sayen taya nakan duba gefen tsohuwar, in rubuta lambar nan mai kama da 40-635 a takarda. Lambar farko kaurin tayar ce, ta biyu ita ce wadda dole ta zo daidai.

Bawul ma iri uku ne. Akwai irin na mota mai kauri, wanda duk mai faci zai iya buga wa iska. Akwai siririn na Faransa da ke buƙatar bakin famfo na daban. Sai na baƙin keke, wanda a cikinsa akwai ɗan siririn bututun roba. Zafin rana yana cinye robar nan, ta tsage, sai ka wayi gari taya ta kwanta alhali babu huda ko ɗaya. Kafin a ciro tub, a ɗiga yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, robar ce, kuma canja ta aikin minti biyu ne. Ina ajiye guntayenta a cikin kwalin ashana.

Iska kuwa, adadin da taya take ɗauka a rubuce yake a gefenta. Baƙin keke yakan so wajen bar 3 zuwa 4 a ma'aunin iska. Da yake galibin famfunan hannu ba su da ma'auni, babban yatsa ne alƙali: in ka danna da ƙarfi ta ɗan lotsa kaɗan, ta yi. Tub yana rage iska da kansa ko ba huda, shi ya sa nake ƙara masa duk mako. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ba na cika taya har maƙura, kuma ba na barin keke a tsakar rana a kan kwalta, musamman in tub ɗin ya sha faci.

Akwai wani dattijo mai faci a gindin darbejiya kusa da hawan gada, wanda aikinsa ya isa a tsaya a kalla. Yakan buga wa tub iska, ya bi shi a hankali cikin kwanon ruwa har kumfa ta tashi, ya soka tsinke a wurin. Sai ya goge ruwan, ya kankare da samfefa faɗin da ya fi facin kaɗan, ya shafa sholisho siriri da yatsa, sannan ya ajiye tub ɗin a gwiwarsa ya ci gaba da hira. Wani saurayi da ke sauri ya ce masa, "Baba, a manna mana, na makara." Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, in na manna yanzu, kafin ka kai unguwar Mursal ka dawo mini." Sai da sholishon ya daina ƙyalli, wajen minti biyar, sannan ya ɗora facin ya murza shi da ƙotar sifana daga tsakiya zuwa baki. Kafin ya mayar da tub, ya zagaya yatsunsa a cikin tayar har ya tsinto kan ƙayar aduwa da ido ba ya gani.

Siffar hudar tana faɗa maka abin da ya jawo ta. Huda ɗaya ta wajen da ke taka ƙasa, ƙaya ce ko ƙusa ko waya. Tsaga biyu a jere, iska ce ta yi kaɗan, rim ya matse tub a bakin rami ko gefen kwalta. Huda ta cikin ciki kuwa kan sifoki ne, domin robar da ke rufe rim ta tsinke ko ta goce. In ba a gyara ta ba, za a yi ta faci har a gaji. Tsohon tub da aka yanka a tsaye yana maye gurbinta. Ga mai bin unguwannin da babu kwalta, inda tsaidau da ƙayar bagaruwa suke, tsohuwar taya da aka yanke wa wayar baki aka shimfiɗa a cikin sabuwa tana rage huda sosai, ko da yake keken zai ɗan ƙara nauyin tuƙi.

Inda na fi saɓawa da mutane shi ne sarƙa. An saba lafta mata baƙin mai da aka juye daga inji, har ya riƙa ɗiga. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da iska take kawowa tana manne wa man nan, su haɗu su zama wani baƙin kwaɓi da ke cin sarƙa da haƙoranta kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi. Abin da nake yi shi ne in wanke ta da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, in bar ta ta bushe, in ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, in juya feda baya sau da yawa, sannan in goge bayanta da tsumma har ta kusa bushewa. Man da ke aiki shi ne wanda ya shige cikin gaɓa. Na waje ƙura kawai yake kira.

Ana gane sarƙa ta ƙare da rula. Tsakanin kowane fil da na gabansa rabin inci ne, saboda haka daga fil na farko zuwa na 25 ya kamata a sami inci 12 cif, wato santimita 30 da rabi. In ta zarce da milimita ɗaya da rabi, a canja sarƙa. In ta kai milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu sai an canja su tare. Ta giya ɗaya faɗinta 1/8 ne na inci, ta mai giya da yawa 3/32, ba a musanya su. Ɗaurinta kuma a bar mata wasa kamar santimita ɗaya sama da ƙasa a tsakiya. In ta fi haka za ta riƙa zamewa, in ta yi tsauri za ta cinye boris.

Sifana mai lamba 15 ita ce ta notin ƙafa da feda a yawancin kekuna. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran notuna. Da yawa sun lalata hannun feda saboda rashin sanin wannan.

A kan titi, hannun dama ake bi, kuma wuri mafi haɗari shi ne can bakin kwalta inda yashi yake taruwa. Ƙafar gaba in ta shiga yashin nan a karkace sai ta zame, mutum ya faɗo ta wajen motoci. Nakan bar wajen mita ɗaya tsakanina da bakin titi, haka ma tsakanina da motar da ke ajiye, saboda ƙofar da za a buɗe ba zato. In yashi ya zama dole, a miƙe kai, a saki birkin gaba, a ci gaba da taka feda. 'Yan kilando, wato masu baburan haya, sukan yanko ta dama ko ta hagu, kuma da zarar fasinja ya ɗaga hannu za su tsaya a gabanka; ƙananan bas-bas ma haka. Maganinsu shi ne tafiya a miƙe ba tare da kwana-kwana ba, da waiwaye kafin kowace kaucewa, da miƙa hannu tun da nisa. Abu ɗaya da ba na yi ko kusa shi ne shiga ta daman tirela ko tifa a shataletale ko mararraba. Direban ba ya ganinka daga can sama, kuma in ya karya dama ƙafafun baya suna yanko hanya fiye da na gaba. Manyan motocin da ke fitowa daga gadar Ngeli, ta wajen garin Kuseri na Kamaru, suna da yawa a ɓangaren Waliya. A bar su su wuce.

Bayan magariba fitilar baya ja ta fi ta gaba muhimmanci, domin wanda zai buge ka daga baya yake zuwa. Ƙaramar mai caji ta wadatar. Mai jallabiya ko babbar riga ya tattare ta, ƙafar wando ta dama kuma a ɗaure ta da roba.

A bazara da sanyin safiya nake fita, in kuma jinkirta dawowa sai bayan la'asar. Lita ɗaya ta ruwa ba ta yi yawa ba ga tafiyar awa ɗaya a irin zafin nan. Da azumi a rage gudu, kuma duk wanda ya ji jiri ko ya ga zufa ta ɗauke masa ya sauka ya nemi inuwa nan take.

Damina ita ce babbar jarrabawa, musamman Yuli da Agusta. Ƙasar unguwanni da yawa laka ce mai danƙo, tana cushewa tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta daina juyawa, don haka ɗan tsinken ƙarfe na ƙwaƙulewa ba ya barin jakata. Rim na ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kamawa sai ƙafa ta yi 'yan zagaye ta share ruwan, ke nan a fara matsawa tun da nisa. Ruwan da ya kwanta a titi yana ɓoye bakin lambatu. Inda ban ga ƙasa ba nakan sauka in tura. Mutanen Waliya sun ga abin da ambaliyar Oktoban 2022 ta yi, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka shigo gidaje. Keken da ruwa ya kai wa cibiyar ƙafa, ko sau ɗaya ne, yana buƙatar a buɗe shi: a fito da boris, a wanke da kalanzir, a duba ko sun yi tsatsa, a cika da sabon giris. Galibi ƙafar baya tana ɗaukar guda 9 a kowane gefe masu girman 1/4 na inci, ta gaba guda 10 masu 3/16. A ƙirga su a kan farin tsumma kafin a mayar, kuma a ɗaure har wasa ya ɓace amma ƙafar tana juyawa da kanta.

Makullin nan da ke manne a ƙafar baya yana hana a hau keke ne kawai, ba ya hana a ɗauke shi. A kasuwa nakan ba masu gadi, in karɓi lamba. Inda babu su, sarƙa mai kauri da kwaɗo, a zura ta cikin ƙarfen jikin keken da ƙafar baya, a haɗa da turken da ba ya tumɓukewa. Lambar keken tana buge a ƙarfe, yawanci ƙarƙashin inda hannayen feda suke haɗuwa ko ƙasan sirdi. A sa mai sayarwa ya rubuta ta a rasit, a ɗauki hotonta a waya, domin ita za a fara tambaya in an kai ƙara.