Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyar nan

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki na Maraɗi da kewaye. Alhamdu lillahi, na samu sauƙi, jinin da ya daɗe yana wahalar da ni ya lafa.

Na kusa da ni sun san halin da na shiga. Al'ada ta zo ta ƙi ɗaukewa, guda-guda, in sa audugar mata in ƙara da tsumma, amma kafin in tashi daga tabarma zane ya ɓaci. Na daina zuwa biki da suna. Salla ma sai da malamarmu ta Islamiyya ta zaunar da ni ta rarrabe mini haila da jinin ciwo. Tafin hannuna ya yi fari fat, ga jiri.

Godiyata ta farko ga likitar mata ta nan Maraɗi. Ta yi mini eko, wato hoton ciki, ta ɗebi ɗan naman cikin mahaifa aka auna, aka tabbatar ba ciwon daji ba ne. Da ƙwayoyi suka kasa, ba ta yi gaggawar cewa a cire mahaifar ba, sai ta haɗa mu da wani asibiti a Kano, inda aka yi mini aiki.

Masu tambaya ta waya, ba a tsaga mini ciki ba. Siririyar roba ce mai ƴar balan-balan ake zurawa ta bakin mahaifa, a cika ta da ruwa mai zafin digiri 87, a bar ta minti 8, zafin ya ƙone shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ita ce ke zubowa duk wata. Mara ta murɗa sosai ranar, sannan ruwa-ruwa ya biyo baya na ƴan makonni. Likitocin sun faɗa mana ƙarara cewa wadda ta gama haihuwa ake yi wa. Kuma aikin ba ya hana ɗaukar ciki, cikin da ya shiga bayansa kuwa haɗari ne babba, dole a riƙe tsarin iyali. Maigida ya saurara har ƙarshe, ya sa hannu ba gardama. Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri.

Ƙannena biyu da suka ba da jininsu aka ƙara mini, abokiyar zamana da ta riƙe yara da girki ba ta taɓa ɗaure fuska ba, matan adashenmu da suka bar mini kwasa alhali ba layina ba ne, Inna da ke aiko zogale da hanta, Allah ya biya ku da Aljanna.

Masu son zuwa dubiya, ku zo bayan la'asar, da safe ina hutawa.