Bayan dalar ta ƙare, mutanen da na haɗu da su ne suka rage

Dala 5,000 ce Gidauniyar Tony Elumelu take ba duk wanda ta zaɓa a shirinta na tallafa wa masu sana'a a Afirka, kuma ba bashi ba ne. A kuɗinmu na sefa wajen miliyan uku ke nan, gwargwadon canjin ranar. Nawa, injin niƙa da ragar shanya da buhunan albasa suka cinye su tun damina ba ta zagayo ba. Sana'ata a nan Garwa, a arewacin Kamaru, ita ce busar da albasa da tumatir: in saya da rani lokacin da kaya ya yi araha har manomi yana roƙon a ɗauka, in yanka, in shanya, in niƙa, in sayar lokacin da ɗanyen ya yi tsada.

Shirin ya fara ne a 2015 da alƙawarin dala miliyan 100 don matasa 10,000 daga ƙasashen Afirka 54, kuma a 2019 hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo da wani ɓangare na musamman don yankin Sahel, har da Kamaru da Chadi. Kafin kuɗi akwai horo ta intanet, akwai mai ba da shawara, akwai dandalin gidauniyar na intanet mai suna TEFConnect, sannan ga zaurukan WhatsApp da 'yan shirin ke buɗewa da kansu. Waɗannan zaurukan ne mutane suka fi rainawa, ni kuwa a cikinsu na ci riba.

Ba wai suna da daɗin zama ba. Babban zauren tamkar kasuwa ce ranar cinta: wannan na taya murna, wancan na tallar kayansa, wani ya turo hotonsa da kwat a wani taro. Akwai kuma masu farautar tallafi, waɗanda aikinsu kullum cike takardar neman wani shirin, ka tambaye su abin da suka sayar a watan jiya su canja magana. Ban ga laifinsu sosai ba, zamani ya yi wuya, amma ba su nake nema ba.

Abin da na lura da shi da wuri shi ne irin tambayarka irin amsarka. In ka rubuta "ina neman shawara kan sana'ar abinci", addu'a za ka samu da alamar babban yatsa. Ranar da na rubuta cewa ina neman wanda ya taɓa sayen ledar zuba garin abinci mai zif a Duwala, ya faɗa mini nawa ake sayar da dubu da mafi ƙarancin abin da suke yarda su buga wa suna, kafin magariba mutum biyu sun kira ni.

Sai na fara tace mutane. Da farko ido kan tafi wajen 'yan Legas da Nairobi ne, don su suka fi iya magana kuma su ake gani a jarida. Amma shawararsu kan rajista da lasisi ta ƙasarsu ce. Ɗan Najeriya zai yi maka bayanin NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta ƙasarsu, tiryan-tiryan, alhali mu hukumar ANOR ce ke duba ingancin kaya, kamfani kuma a ofishin CFCE ake buɗe shi, inda tun dokar Disambar 2016 sefa 100,000 ta isa jarin ƙaramin kamfani irin SARL. Wanda zai fahimci matsalata shi ne wanda muke kashe kuɗi iri ɗaya, muke ƙarƙashin dokar kasuwanci ɗaya ta OHADA, wadda ƙasashenmu suka yi tarayya a kanta, muke shan rana ɗaya. Wato ɗan Marwa, ɗan Ngaundere, ɗan Injamena.

Haka na samu wata baiwar Allah a Injamena mai haɗa yaji da kayan ƙamshin miya, ta girme ni, ta kuma riga ni shiga shirin. Na tura mata hotunan kayana, ta maido da saƙon murya: "Ƙanwata, hoto ba ya ƙamshi. Aiko mini da kayan." Na sa a mota zuwa Marwa, daga can zuwa Kusuri, yaronta ya tsallako gadar Ngeli da ke kan iyakar Kamaru da Chadi ya karɓa. Ta kira ni ta bidiyo tana buɗewa. Ta shinshina, ta murza garin tsakanin yatsu, ta ɗanɗana a harshe, ta ce gari ya yi. Sannan ta ɗaga ledar mai rabin kilo ta juya ta. "Wa zai sayi wannan? Matar da ta zo cefane da sefa ɗari biyar a hannu?" Na ce, "Adda, ai masu gidajen abinci nake hari." Ta ce masu gidajen abinci bashi suke ci, matan unguwa su ke biya nan take, in ƙulla na sefa ɗari. Yau waɗannan ƙananan ƙullin su ke riƙe da shagona, kuma ita ke sayar mini da su a can, ba tare da ɗayanmu ya je wajen ɗan canji ba.

Ban watsar da 'yan Najeriya ba, wurinsu daban ne. Maganar inji tasu ce. Wani saurayi a Kano mai niƙa garin zogale ya ɗauko mini bidiyo yana kwance injinsa, ya nuna mini yadda ake canja rariya gari ya fito da laushi, da Hausa ƙalau, na kai wa makanike a nan ya yi mini.

Ni ma da abin da na kawo. Sanarwa da yawa da Ingilishi take yawo a zaurukan, 'yan'uwanmu na Chadi kuwa Faransanci da Larabci suka iya. Na riƙa karantawa ina mayar musu da ita saƙon murya, wani da Faransanci, wani da Hausa ko Fulatanci. Ba da wata dabara na fara ba, amma shi ya sa in na yi tambaya ba ta kwana.

Daga nan muka ware mu shida, duk masu sarrafa abinci. Ƙarshen kowane wata muna haɗuwa ta waya, kowa da littafinsa a gaba: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ke waje. Ba yabo, ba tafi. Haka nake yi da mai ba ni shawara ma, in tura masa lissafin tun kafin ranar, in zo da tambaya ɗaya tak. Kuɗi kuma ba ma ba juna rance. In za a haɗa hannu a wani abu, a rubuta, kowa ya sa hannu, ko da kuwa Adda ce.

Leda yanzu tare muke yin odarta daga Duwala, don mai bugawa ba ya kula ƙaramin ciniki. Tana bi ta Yawunde, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, mota ta ƙaraso da ita Garwa, ni in raba, na Marwa da na Chadi su wuce. Bana Adda ta ce in ƙara mata busasshiyar kuɓewa. Na yarda, saura mu daidaita kan wanda zai biya kuɗin tsallaka kaya a Ngeli, don ita ta ce ni, ni kuma na ce a raba biyu.