Tonkar Inna

Alhamis, Jega.

Da farin ciki na tashi yau wallahi, Malam ya amince da babi na biyu na furojek ɗina bayan sau uku yana maido min da shi, ga wuta an kawo tun asuba. Tunda gobe ba lakca sai na ce bari in zo gida in kwana.

Na iske Inna a tsakar gida tana gyaran tonka da Yaya ya sayo, an baza a tabarma, Auta sai atishawa take yi. Na zauna ina taya ta, daɗin da nake ji ya sa na hau ba ta labarin abin da nake karantawa. Na ce mata abin da ke kawo yaji a tonka da tarugu sunansa kafsaisin, kuma a farin naman nan na ciki da 'ya'yan ke manne ya fi taruwa. Ta ce wannan ta san shi tun kafin a haife ni. Na ce to a jikin mutum akwai wasu ma'aikata da ake kira enzayim, wani aikinsa ya narka tuwo ya mai da shi suga, kuma magunguna da yawa ba abin da suke yi illa su riƙe hannun ma'aikaci guda. Asfirin haka yake yi. Akarbos da ake ba wasu masu ciwon suga shi ma haka, yana tare wani enzayim mai suna alfa-gulukosides a hanji don kada suga ya kwarara cikin jini lokaci ɗaya. Sai na ƙara da cewa an gwada kafsaisin a ɗakin gwaji an ga yana rage wa irin waɗannan enzayim ƙarfi.

Ta aje faifai.

"Mi kic ce? Tonka na maganin suga?"

Na ce a'a Inna, ba haka na ce ba.

"Ai ke kic ce yanzun nan. Ni da nike ta biyan kuɗin ƙwaya kowane wata, ashe ga magani shanye bisa tabarma."

Gabana ya faɗi. Na fi rabin awa ina ƙoƙarin kwashe maganar da na zubar. Na ce mata abin da ya faru a ƴar kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban, a kwalba enzayim ne shi kaɗai ka zuba masa yadda kake so, a jiki kuwa hanta na farfasa kafsaisin da wuri, kafin ki ci yawan da zai yi wani abu ciki ya ɗauki wuta, ita da ko yajin suya ta ci sai ta kwana riƙe da ƙirji. Shi ya sa ma masu binciken ba tonkar kanta suke nema ba. Kafsaisin kai ne da shi da doguwar wutsiya mai maiƙo, sai su canja wutsiyar ko su taɓa kan, su fitar da dangoginsa da yawa suna neman wanda zai cafke enzayim da kyau ba tare da ƙuna ba, daga nan a gwada a dabba, sannan mutane, shekaru ake kwashewa kuma yawanci a hanya suke faɗuwa. Na kawo mata misalin kaftofiril na hawan jini da aka fara amfani da shi a 1981, daga dafin wani maciji na Barazil aka samo dabararsa, na ce Inna kin taɓa jin mai hawan jini ya je ya miƙa wa maciji ƙafa? Ta yi dariya, amma irin dariyar da take yi in ta riga ta yanke shawara a ranta.

Abin da ya tabbata ya zama magani daga tonka na shafawa ne da na liƙawa, na ciwon gaɓɓai da zogin jijiya. Akwai filasta Qutenza mai kashi 8 cikin ɗari da Amurka ta amince da ita a 2009, a asibiti ake liƙa ta, kuma ita ma ba ta hanyar enzayim take aiki ba, ta wata ƙofa ce a jijiyar jin zafi, TRPV1, wadda David Julius ya gano a 1997 har ta kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Duk wannan na faɗa mata. Ban jin ko ɗaya ya shiga kamar yadda jimlar farko ta shiga.

Bayan magariba na jiyo ta ta katanga tana ce ma Gwaggo "ɗiyata da ke jami'a ita tac ce". Ban iya cin tuwon kirki ba.

Kuma abin da ya fi tsaya min a rai ba tonkar ba ce, kuɗin ƙwayar da ta ambata ne. Ba ta taɓa ce mana suna mata nauyi ba sai yau.

Na lallaɓa ɗakinta na ƙirga ƙwayar sugan nata, metfomin, da ke cikin gwangwani, saura na kwana shida. Na ce ma Auta ta riƙa tsayawa a kanta har ta haɗiye, safe da dare, in ta ga wani canji ta kira ni. Na tura ma Yaya saƙo bai buɗe ba tukuna.

Gobe kemis kafin tasha. Sannan gidan Gwaggo, ita ma tana da sugan.