Alhamdulillahi, an ɗaura wa Baba haƙoransa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi Rabbil alamina, an gama. Ranar Alhamis da ta wuce likita ya ɗaura wa Baba haƙoransa biyu na gaba, ya sallame mu. Tun ranar nake son in zauna in yi wannan rubutu, amma jikina ya ƙi. Gajiyar da nake ta dannewa tun ranar hatsarin hanyar Zariya da ya raba Baba da haƙoransa, sai yanzu ta samu sarari ta sauko mini gaba ɗaya. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri, duk na gani.

Ba sai na maimaita abin da kuka sani ba. Kuna tare da mu tun daga ɗinkin leɓe, zuwa cikon ƙashi, zuwa ranar da aka dasa ƙarafan nan biyu da za su riƙe sababbin haƙoran a muƙamuƙinsa na sama, da dogon jiran da ya biyo baya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba ciwo ne ya fi ci wa Baba rai ba, karatu ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jan sallah a masallacin layinmu, sai ga shi sinun da sa'un da fa'un suna zille masa ta giɓi. An yi masa haƙorin roba mai cirewa na wucin gadi, amma da ya ɗaga murya sai ya motsa. Da kansa ya ja baya ya ba na'ibi, ya koma sahu. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba. Mama ce ta gaya mini tana jin sa da daddare a ɗaki yana maimaita Ƙul a'uzu birabbin nasi shi kaɗai, yana gyarawa.

Shi ya sa da aka yi ta cewa a bar tsoho da na roba, kuɗin ya yi yawa, ƙarfe ma zai yi tsatsa a cikin ƙashi, ban iya yin shiru ba. Maganar tsatsar ta shiga zuciyar Baba har ya tambayi likita. Likita bai yi masa dariya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna, ya ce ƙarfen taitaniyom ne, ba ya tsatsa a jiki, ƙashi ma kama shi yake yi ya manne da shi. Ya ba shi labarin Farfesa Branemark na ƙasar Suwidin, wanda ya fara lura da haka a 1952 a ƙashin zomaye, sannan ya yi wa mutum na farko dashe a 1965, kuma mutumin ya rayu da ƙarafan a bakinsa shekara 40 har ya koma ga Mahaliccinsa. Baba ya ce, "To likita, a yi. Allah Ya sa albarka."

Jiran da kuka ga mun yi kuwa ba sakaci ba ne, don na ji an faɗa. Ƙashin sama ya fi na ƙasa taushi, yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya riƙe ƙarfe sosai, ga Baba da ciwon suga, ga cikon ƙashi. Sai da hoto ya nuna ya kama, gwajin suga na wata 3 ya yi kyau, sannan aka ɗan tsaga dasashi aka fito da kan ƙarafan, aka ɗaura wa kowanne ɗan murfi mai zagaye domin naman ya warke da siffar wuyan haƙori. Daga baya aka ɗauki awon baki aka tura wa masu haɗa haƙora.

A tsakanin nan ne murfi ɗaya ya kwance ya faɗo a kwanon kunu bayan sallar isha'i. Likita ya riga ya gargaɗe mu cewa in haka ta faru kada a kwana biyu, domin dasashi yana saurin rufewa, in ya rufe sai an sake tsagawa. Maƙwabcinmu mai keke, na san ba ka so a faɗa, amma sai na faɗa. Gari bai gama wayewa ba ka tsaya a ƙofar gida, ka kwashe mu daga Unguwan Dosa har cikin gari, ka jira, ka dawo da mu, na miƙa maka kuɗin mai ka ce kada in ɓata maka ladanka. Allah Ya buɗa maka, Ya mallaka maka naka na kanka.

Sai ranar Alhamis.

Baba ne ya roƙa a bar ni in zauna a ɗakin. Aka ba ni kujera a kusurwa, inda nake ganin tiren kayan aiki. Na ga haƙoran nan biyu a kan wani muƙamuƙi na gwaji, na ga mahaɗan da za su shiga tsakani, wato gutsattsarin da ake ɗaurewa a kan ƙarfen da ke cikin ƙashi, su kuma haƙora su hau kansu. Farare ne, na zarkoniya, wani abu mai tauri kamar tangaran, gindinsu kawai ne ƙarfe, domin dasashin gaba siriri ne, in aka sa ƙarfe zalla duhunsa yakan nuna ta cikin nama. Kowanne da notinsa, wanda bai fi ƙwayar shinkafa da komai ba. Raina ya ce ashe duk wahalar nan a kan wannan ɗan abin za ta rataya.

Kafin a kwantar da kujera na ga Sista, mai taimaka wa likita, ta yanko zaren sakace dogo, ta zura shi a wani ɗan rami da ke jikin sukurudireban ɗaure notin, ta ƙulla, ta naɗe ɗaya bakin a yatsarta. Sukurudireban guntu ne ƙwarai, bai wuce santimita 3 ba, da yatsu biyu ake murza shi. Ta kuma shimfiɗa ɗan ƙyallen auduga can wajen maƙogwaron Baba. Ba wanda ya ce ta yi, likita ma yana wanke hannu a lokacin.

An kwance murfi na farko lafiya. Ana cikin ɗaura mahaɗin sai tari ya sarƙe Baba. Kansa ya yi sama, safar hannun likita ga ta jiƙe da yawu, sai kawai na ga yatsunsa biyu babu komai. Sukurudireban ya shige. Baba yana kwance rigingine, baki a buɗe.

Na san abin da hakan ke nufi, domin an karanta mana a takardar da muka sa wa hannu. In ya bi ta ciki da sauƙi, in ya bi hanyar numfashi kuwa, sai an garzaya an sa na'ura an ciro shi daga huhu. Na miƙe tsaye, Innalillahi ta maƙale mini a wuya, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Duk abin da ya zo mini shi ne, ni na dage a yi aikin nan, me zan je in gaya wa Mama?

Sista ko gezau. Ta ɗaga yatsarta a hankali, zaren ya miƙe, sai ga ƙarfen yana reto a wajen baki. Ta dafa kafaɗar Baba ta ce, "Sannu Baba, ba komai, yana hannuna. Ka ja numfashi ta hanci." Aka ɗaga kujera, aka ba shi ruwa ya kurkure. Da ta juyo ta ga yadda nake rawa, sai ta zo ta zaunar da ni, ta riƙe hannuna, ta ce in dai ita ce a ɗakin ba a taɓa sa ƙarfen nan a bakin mutum ba zare. Baba ya kalle ta ya ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka." Ta ce amin, ta koma ta sake gyara ƙullin.

Sista, ban san ko za ki ga wannan ba. Ke 'yar Kudancin Kaduna ce, ba addininmu ɗaya ba, amma ke kika duba agogo kika ce wa likita a dakata Baba ya yi la'asar kafin a manna haƙoran, kika kawo masa buta da kanki. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya tsare ki daga abin da kike tsare mutane daga gare shi.

Abin da ya rage na aikin na kalle shi da hawaye, amma na kalla. Cikin ƙarfen da ke ƙashi akwai gurbi mai kusurwa 6, dole mahaɗi ya faɗa ciki daidai, don haka masu haɗa haƙoran suka haɗo da wata 'yar roba da ake ɗorawa a kan haƙoran gefe ta nuna inda zai fuskanta. Likita ya ɗaure da hannu tukuna, dasashin ya yi fari saboda matsi, ya jira har jini ya dawo wurin. Aka ɗauki hoto don a tabbatar ba sarari tsakanin ƙarfe da mahaɗi. Sannan ya ɗauko wata 'yar sifana mai awo a jiki, ya ja har ta kai lambar da kamfanin ya ƙayyade. Ya ce yawanci tsakanin 25 ne da 35, in bai kai ba noti ya kwance, in ya wuce ya karye a ciki, kuma ciro karyayyen noti babban aiki ne. Bayan minti 10 ya sake ja, domin noti yakan ɗan saki bayan ɗaurin farko. Ya cusa farin tef, irin wanda masu gyaran famfo ke naɗawa amma tsaftatacce, a kan notin, saboda in wata rana ana son kwancewa a same shi ba abin da ya toshe shi.

Da yake ƙashin gaba a karkace yake, ramin noti zai fito ta fuskar haƙori, shi ya sa na Baba da gam aka manna su. A nan na ga haƙurin likitan. Ya daɗe yana bin wuyan haƙoran da zare da wani siririn ƙarfe yana kankare ragowar gam, ya ce ko ɗan ƙiris ya maƙale ƙarƙashin dasashi zai iya jawo kumburi har ya ci ƙashi. Likita, kai ka amsa wayata cikin dare ba tare da ka nuna gajiya ba, kuma ko sau ɗaya ba ka kira Baba da sunansa ba. Allah Ya ƙara basira, Ya jiƙan mahaifa.

Ya ba mu kati mai ɗauke da sunan kamfanin ƙarafan da girmansu. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki, don Allah ya karɓi nasa ya adana, domin kowane kamfani da irin notinsa da sukurudirebansa, in kati ya ɓata wani likitan sai ya yi ta laluben abin da zai kwance da shi.

Jiya Baba ya ja Magariba. Ina tsakar gida na ji muryarsa ta lasifika, Mama ta bar abin da take yi ta zauna a bakin ƙofa tana kuka.

Yaya Babba, ka sayar da filinka na Rigasa ba ka yi shawara da kowa ba, sai alat kawai na gani. Matan adashenmu, kun ba ni ɗauka alhali ba layina ba ne. Gwaggo ta Tudun Wada, kunun gyaɗa da faten da kika yi ta aikowa lokacin da Baba ba ya iya tauna, ko rana ɗaya ba ki fasa ba, ga ciwon ƙafa. Malam Na'ibi, ka riƙe masallaci, kuma kullum kana cewa amana ce ka riƙe wa mai ita. Jama'ar masallaci da suka haɗa abin da suka haɗa a ɓoye. Ɗaliban Baba na Kawo da Badarawa da suka yi ta sauke Alƙur'ani. Maigidana da ya riƙe yara bai taɓa ɓata fuska ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, Ya tsare ku da kwanciyar asibiti, Ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Yadda kuka rufa mana asiri, Allah Ya rufa naku.

Akwai waɗanda Baba ya yi ta tambaya ko sun kira, ina ce masa ƙila layi ne ba kyau. Daga Mando zuwa gidanmu ba nisa. Ba komai, Allah Ya bar zumunci, ƙofa a buɗe take.

Ina roƙon ku sa wani yaro a addu'a, wanda muka tarar a wurin jira da muƙamuƙi a ɗaure da waya, mahaifinsa yana ta lissafi a bayan takarda. Allah Ya kawo masa mataimaka kamar yadda Ya kawo mana, Ya ba duk marasa lafiya lafiya.

Masu son zuwa yi wa Baba barka, bayan la'asar ya fi, don yana ɗan kwantawa da rana. Kuma don Allah kada a kawo masa goro ko rake. Likita ya hana shi gatsa abu mai tauri da na gaba, shi kuma Baba ba ya iya mayar da hannun kyauta.

Na gode, na gode. Wassalamu alaikum.