Allurar da na koyi yi wa Yaya

Kwana 10 da yi wa Yaya kemon farko na sankarar mama, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, jikinta ya ɗau zafi bayan isha'i. Muka ce zazzaɓin sauro ne, na ba ta farasitamol, muka bari sai gari ya waye. Har yau ina jin ciwon wannan kuskure. Da muka isa asibiti, likita ya duba takardar gwajin jini, ya ce nau'in fararen ƙwayoyin jini masu farautar ƙwayoyin cuta sun sauka ƙasa da 500. Aka ba ta gado, mako guda tana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

A nan na gane abin da ba a yi mana bayaninsa sosai ba. Kemo ba ya bambance ƙwayar sankara da ƙwayar ɓargo, inda ake samar da ƙwayoyin jini, duk mai saurin hayayyafa sai ya taɓa ta. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki takan yi ƙasa ƙwarai, kuma da yake fararen ƙwayoyin nan su ne ke kawo kumburi da ruwan ciwo, mutum na iya ɗauke da cuta babu wata alama sai zazzaɓi. Wanda na danne da farasitamol ke nan.

Zagaye na biyu aka rubuta mata filgrastim, allurar da ke zaburar da ɓargo ya ƙara samar da fararen ƙwayoyin jini. Kafin likita ya sa hannu sai ya tambaya ko akwai sikila a jininta, don maganin yana iya tayar wa mai sikila ciwo mai tsanani. A ƙasarmu wannan tambaya wajibi ce. Yaya AA ce, alhamdulillahi.

Wata nas ta koya mini. A jira aƙalla awa 24 bayan kemo. A fito da kwalbar daga firiji ta ɗan sha iska, kada a girgiza, a tsunkuno fatar ciki a soka. Ranar farko hannuna rawa yake yi, Yaya ta riƙe shi ta ce, "Yi bisimilla kawai, ƙanwata." Ajiyarta ta fi ba ni wahala: sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, amma ba ta son daskarewa. In an ɗauke wuta, sai in naɗe kwalbar a tsumma in sa a kular ƙanƙara, kada ta taɓa ƙanƙara.

Kwana uku da farawa, ƙugunta da cinyoyinta suka kama ciwo kamar ana sara. Na tsorata, na zaci sankarar ce ta shiga ƙashi. Ashe ɓargon ne ya dukufa aiki. Yanzu sai na auna zafin jikinta kafin in ba ta maganin ciwo.

A zaman jinya na karanta cewa a Ostareliya, tun shekarun 1960, Donald Metcalf da abokin aikinsa Ray Bradley suka fara rainon ƙwayoyin ɓargon ɓera a faranti, kuma sai 1991 Amurka ta amince da filgrastim. Shekara sama da 20 mutane suna duƙe a kan madubin gwaji kafin kwalbar ta zo hannuna. Na yi musu fatan alheri.

Sau ɗaya zazzaɓin ya dawo, zafin jikinta ya kai digiri 38, ƙarfe 2 na dare. Ban nemi shawarar kowa ba, na ta da maƙwabcinmu mai mota.