Godiya ga ƙungiyoyin ɗalibai da suka fito da mu daga Khartum

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ina gida cikin iyaye da 'yan'uwa lafiya ƙalau, hankali kuma ya ɗan kwanta har na iya zama in rubuta wannan. Tun da muka sauka ake ta zuwa yi mana barka da arziki, kowa da tambayarsa: yaya aka yi kuka fito daga yaƙin da ya ɓarke a Sudan? Nakan ce Allah ne ya fito da mu, haka ne kuwa. Sai dai ta hannun waɗansu bayinsa ya fito da mu, kuma da yawansu ba a nuna su a talabijin ba, ba a ji muryarsu a rediyo ba. Su nake so in gode wa a bainar jama'a: shugabanni da 'yan kwamitin ƙungiyoyin ɗalibai na jihohinmu, da uwar ƙungiyar ɗaliban Najeriya a Sudan.

Wanda bai taɓa zaman baƙunta ba zai yi wuya ya san darajar irin waɗannan ƙungiyoyi. Jami'armu, Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum, wadda muke ce wa Ifriƙiya a taƙaice, ta faro ne a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka, ta zama cikakkiyar jami'a a 1992, kuma a ɗakin karatu ɗaya za ka tarar da ɗan Somaliya da ɗan Chadi da ɗan Indonesiya da ɗan Tanzaniya. Yaro ya baro Gumel ko Funtuwa, ya sauka a filin jirgi da Larabcin Islamiyya, sai ya tarar ba shi ake yi a kasuwa ba. 'Yan jiharsu ne za su je tarbarsa. Su za su raka shi neman iƙama, wato takardar izinin zama, su nuna masa inda ake canjin kuɗi ba tare da an cuce shi ba, su koya masa yin ciniki da mai raksha, wato adaidaita-sahu, su ba shi katifa kafin ya sayi tasa. Duk wata a ba da ɗan abin da ya sauƙaƙa a asusu. Idan ranar al'adu ta zo kuma a fito a yi kwalliya, samari da manyan riguna da zanna-bukar, 'yan mata da lalle da atamfa, Barebari da lafaya, Fulani da ƙwarya, Yarbawa da tasu shigar. A tuƙa tuwon shinkafa da kuka da daddawar da wani ya ƙullo daga gida, a yi wasan kwaikwayo da gasar karin magana, 'yan wasu ƙasashe su zo kallo su ci su yi santi.

Akwai masu cewa ƙungiyoyin cin tuwo ne kawai. Akwai masu cewa rarraba kai ne, tunda duk 'yan ƙasa ɗaya muke, me ya kawo zancen jiha da yare? Na daɗe ina jin wannan magana, kuma bayan abin da idona ya gani ba zan ƙara yin shiru idan an faɗe ta ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, 24 ga watan azumi, da safe, yawancinmu muna ramuwar barcin tahajjud, ƙarar manyan bindigogi ta tashe mu. Sojojin Janar Abdul Fatah al-Burhan ne da dakarun kai ɗaukin gaggawa (RSF) na Muhammad Hamdan Dagalo suka kaure, kuma kudancin Khartum inda muke yana cikin wuraren da abin ya fara. A ranar aka rufe filin jirgin sama. Daga nan wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, shaguna suka rufe, kuɗin da ke cikin waya ya zama ba shi da amfani duk lokacin da intanet ya yanke.

Sakataren ƙungiyarmu yana da wani littafi mai baƙin bango, wanda yake rubuta kuɗin wata a ciki. Kowa da layinsa: suna, ƙaramar hukuma, fannin karatu, lambar ɗaki ko unguwar da mutum yake haya, lambar wayarsa, da ta wani nasa a gida. Kafin la'asar ta ranar farko ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango nesa da taga, ya buɗe littafin nan a cinyarsa yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya amsa a sa masa alama. Wanda bai amsa ba a tambayi wa ya gan shi ƙarshe, a ina, da wa yake kwana. Ta haka aka gano waɗanda suka maƙale a gidajen haya a Omdurman da Bahri, garuruwan da ke tsallaken kogi daga Khartum, da sababbin ɗalibai da ko layin waya ba su gama yi ba. Da aka zo tattara sunaye domin kwashe mu, daga irin waɗannan littattafai na jihohi uwar ƙungiya ta haɗa nata, aka ƙara lambar fasfo kawai. Uwar ƙungiya ba za ta iya sanin dubban mutane ciki da bai ba. Ƙaramar ce ta san wane ba ya jin waya idan yana barci, wance tana da sikila, wane kuma kunya ba za ta bar shi ya ce ba shi da ko sisi ba. Malam Sakatare, Allah ya saka maka da alheri, ya sa wannan littafi ya zama hujja gare ka ranar gobe.

Ina godiya ga ma'ajinmu, wanda ya fito da kuɗin da aka tara domin walimar Sallah, tsabarsu, a lokacin da tsabar kuɗi ta fi komai wuya. Da su aka sayi shinkafa da wake da burodi da ruwa. Ina godiya ga samarin da suka riƙa fita idan harbi ya lafa, su bi gefen gini su je su samo, su dawo da jarka a kafaɗa suna azumi. Manyan tukwanen da aka saya saboda ranar al'adu su aka ɗora a kan duwatsu, kuma ba a taɓa tambayar mai miƙo kwano ɗan wace jiha ne ba. 'Yan Nijar da Kamaru da Gana da Chadi sun ci tare da mu, mu ma mun ci nasu ranar da namu ya ƙare. A haka Sallah ta same mu ranar Juma'a 21 ga Afrilu, muka yi idi a inda muke, a gurguje.

Godiya ta musamman ga Amirar 'yan mata da mataimakanta. Abin da suka ɗauka maza ba su san rabinsa ba. Su suka haɗa 'yan mata wuri ɗaya, suka riƙa lallashin masu firgita cikin dare, suka san wadda take buƙatar abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Ga kuma wayar iyaye. Shugabanmu ya riƙa amsa kiran iyayen da bai taɓa gani ba, batirinsa na ƙarewa. Na ji da kunnena wata uwa tana kuka tana cewa, "Ɗana, don Allah ina ƙaninka? Tun jiya ba na samunsa." Ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, wayarsa ce ba caji. Ga shi nan kusa da ni, bari in ba ki shi." Shi ma fa ɗalibi ne kamarmu, da tasa uwar tana jiran kiransa.

Da Amurka da Saudiyya suka samar da tsagaita wuta ta sa'o'i 72, motoci suka fara tashi ranar Laraba 26 ga Afrilu. Kowa yana son ya shiga, rai ne. 'Yan kwamiti suka tsaya a bakin ƙofa da takarda, suka ce mata da yara da marasa lafiya tukuna, suka sha baƙaƙen maganganu daga waɗanda tsoro ya rufe wa ido, ba su rama ba. A kowace mota aka sa wani babban yaya da ya ƙware a Larabcin Sudan ya zauna gaba saboda shingayen bincike. Muka ɗauki hanyar arewa ta Dangola. Duk inda aka tsaya, ko don sallah ko don wata matsala a tsakiyar sahara, mota ba ta tashi sai an kira suna an ji kowa ya amsa. A iyakar Arƙin muka yi zaman jiran izinin shiga Masar, kwana da kwanaki a fili, rana ta gasa mu, dare ya yi iska ta watsa mana yashi. Nan ma su ne suka ɗaura zannuwa tsakanin motoci domin mata su sami inuwa da sutura, suka tsara layin ruwa. Ɗalibanmu na fannin likita da harhaɗa magunguna suka tattara ɗan abin da ke jakar kowa suka riƙa duba masu zazzaɓi da masu ciwon ciki. Allah ya yi wa karatunku albarka.

Ba zan manta da mutanen Sudan ba. A ƙauyukan kan hanya mun ga mutane tsaye a bakin titi da ruwan sanyi da zoɓo da dabino suna miƙo mana ta taga, alhali ƙasarsu ce take ci da wuta. Sai kuma 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan da suka bi ta ƙasa, da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Maiwurno na bakin Shuɗin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau. Ƙungiyoyinmu sun daɗe suna gayyatar dattawansu ranar al'adu, suna kai musu gaisuwar Sallah, zumunta kuwa a ƙafa take. Wani dattijo mai tsire, irin wanda can ake kira agashe, da muka saba sayen nama a wurinsa, shi ya ajiye wasu 'yan'uwanmu a gidansa har aka sami hanyar ɗauko su. Da aka ciro kuɗi za a ba shi sai ya ɓata rai ya ce, "Haba 'ya'yana, ni za ku biya?" Baba, Allah ya tsare ka da iyalinka a duk inda kuke.

Rukunin farko, mutum 376, ya sauka Abuja daga Aswan ta Masar daren 3 ga Mayu a jirgin Air Peace da na sojojin saman Najeriya, sauranmu muka biyo baya, wasu a Max Air da Azman, waɗanda suka bi ta Port Sudan kuma a Tarco. Kafin tsakiyar watan an dawo da mutum sama da 2,500. Muna godiya ga Gwamnatin Tarayya, da ma'aikatan ofishin jakadancinmu, da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA), da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, da kamfanonin jiragen, da Gidauniyar Dangote da ta tallafa mana da kuɗin mota, da gwamnatocin jihohin da suka aiko aka kai 'ya'yansu gida. Muna godiya ga tsofaffin ɗalibai da suka yi karo-karo tun daga gida, da iyayenmu da suka raba dare suna addu'a, da limaman da suka yi mana alƙunutu.

Ko da muka dawo aiki bai ƙare ba. Da yawanmu mun baro takardunmu a can, wasu saura musu zango ɗaya su kammala. A 2023 JAMB ta yi alkawarin taimakawa a shigar da mu jami'o'in gida, kuma shugabannin nan dai su ne suka shiga tattara sunaye da fanni da ajin kowa domin wannan.  Ina kuma roƙon 'yan'uwa da aka yi sa'insa da su a bakin mota su nemi 'yan kwamiti su ba su haƙuri, sun cancanci haka.

Malamanmu da maƙwabtanmu da abokan karatunmu 'yan Sudan suna can, ba su da jirgin da zai kwashe su. Don Allah a sa su a addu'a bayan kowace sallah. Allah ya kashe wutar wannan fitina, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kare ƙasarmu daga ganin irinta. Amin.

Wassalamu alaikum.